Yadda gansakuka ta kusa raba ni da akwatin kifina

Ranar da na ɗauko akwatin kifin nan daga shago, babu wanda ya ce da ni uffan game da gansakuka. An nuna mini abincin da zan riƙa saya, an koya mini jona injin tace ruwa, har gyara aka yi mini na wata 'yar hasumiyar roba da kifi ke shiga ta ƙofa ya fita ta taga. Amma abin da zai ci mini kusan wata 8 da kifaye 5 da kuɗin da har yau ban lissafa a gaban maiɗakina ba, shi kam ba a ambace shi ba. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, ko wani mai sha'awar ajiye kifin ado a falo ya huta da wahalar da na sha.

Farkon Nuwamba ne, sanyi ya fara leƙo Kano. Autarmu ta ga akwatin kifi a wani ɗakin jiran likita, tun daga ranar ba ta bar ni na sha ruwa ba. Na sayi na gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 40, wato lita 72 a lissafi, jarka 3 ba kaɗan. Da fitilarsa da filta da tsakuwa da furannin roba, naira 48,000 na biya a farashin lokacin. Mai shago ya zuba mini jajayen kifin nan da ake kira golfish guda 6 da baƙaƙen moli 4 a leda biyu. Na tambaye shi ko ba su yi yawa ba, ya ce, "Haba Alhaji, ai har goma sha biyar zai ɗauka." A ranar na cika ruwa, a ranar na saki kifi. Wurin da ya fi kyau a falon shi ne gindin tagar gabas, inda hasken safe ke ratsa gilashin, jajayen kifin su riƙa walƙiya. Can na ajiye shi. Da Inna ta zo ganin jikoki a ƙarshen mako, ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai, ka taɓa ganin an kafa randa a rana? Randar da rana ke duka ita ke yin gansakuka." Na yi dariya na ce wannan ai na zamani ne, da injinsa. Ta ce to.

Fitilar kuwa, muddin akwai wuta a kunne take, tun daga asuba har sai mun tashi kwanciya wajen ƙarfe 11. Abinci kuma kowa mai bayarwa ne. Ni in zuba kafin in tafi aiki, yara su zuba da sun dawo makaranta, baƙo ya zo a ba shi gwangwanin ya zuba don ya ga yadda suke wawaso. Golfish ba ya ƙoshi a ido, kullum bakinsa a saman ruwa kamar maroƙi, mu kuma muna ganin tausayi ne.

Sati na uku sai wata ƙura mai ruwan ƙasa ta lulluɓe gilashin da tsakuwa da furannin roba. Na ɗauka ƙurar hunturu ce ke shiga ta saman akwatin, har na sa aka yanko masa murfi. Ko da yatsa ka shafa sai ta fita, bayan kwana 3 ta dawo. Daga baya na san cewa wannan ita ce ta farko a jerin, wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da ke gina ɓawonsu da sinadarin da ke cikin yashi da sabuwar tsakuwa, kusan kowane sabon akwati yana yin su, kuma da kansu suke ja da baya bayan 'yan makonni. Da na sani da na goge na yi shiru. Ban sani ba, sai na fara jin cewa akwatina ƙazami ne.

Tsakiyar Disamba kore ya shigo. Da farko ɗige-ɗige ne masu tauri a jikin gilashin da ke kallon taga, waɗanda soso ba ya iya musu. Sai kuma wasu zarurruka masu santsi suka fara tsiro a kan hasumiyar da furannin, suna kaɗawa a ruwa kamar gashin masara. Ran wata Asabar aka kawo ruwan famfo, abin da ba kullum ake samu ba a unguwarmu, sai na ce yau za a yi ta ta ƙare. Na kwashe kifin na zuba a baho, na zubar da ruwan kakaf, na juye tsakuwar a bokiti na wanke ta da garin sabulu har sau biyu, na cire soson filta na matse shi a bakin famfo har ya koma fari, na goge gilashi ciki da waje. Tun hantsi nake abu ɗaya har la'asar, bayana kamar zai karye. Na cika akwatin da ruwan famfo kai tsaye na mayar da kifi. Wallahi daren nan akwatin ya yi kyau kamar ranar da aka saye shi, har hoto na ɗauka na tura wa 'yan uwa.

Ran Litinin ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Kifin suka daina wawason abinci, suka tattare fukafukansu suka koma gindi. Talata da safe na tarar da golfish ɗaya ya juya ciki sama, Laraba biyu. Auta ta yi kuka har ta ƙi zuwa Islamiyya, ita da yayanta suka binne su a bayan gida cikin kwalin ashana babba. Maiɗakina ba ta ce komai ba sai, "Abban yara, garin neman gira dai." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nemi ta ƙarasa ba.

Na koma shago ran Alhamis bayan an tashi aiki. Mai shagon ba ya nan, yaronsa ya ce ya je ɗauko kaya, na zauna a benci sama da awa ɗaya ina kallon akwatunansu masu haske tas ina jin haushin kaina. Da ya dawo na kwashe labari na gaya masa. Bai tambaye ni inda na ajiye akwatin ba, bai tambayi awa nawa fitila ke yi ba. Ya miƙo wata 'yar kwalba mai shuɗin ruwa ya ce maganin gansakuka ne, naira 4,500. Ya kamo wani kifi mai zane-zane da ke manne da gilashi da bakinsa, ya ce sunansa kilina, shi zai share mini komai, naira 2,500. Na ƙara da golfish 3 don cike gurbin waɗanda suka mutu, saboda Auta. Ba na cewa mutumin ya cuce ni da gangan, abin da ke shagonsa ya sayar mini, kuma ni na je da kuɗi a hannu ina neman abin saya. Maganin ya yi aiki na kwana 10, zarurrukan suka yi fari suka zube, sannan suka dawo fiye da da. Kilina ya ɗan lashe gilashi a satin farko, da ya gano abincin gwangwani ya fi daɗi sai ya koma jiran rabonsa, yana sakin kashi dogo-dogo kamar zaren ɗinki. Haka muka yi ta fama Janairu da Fabrairu, ina gogewa tana dawowa.

Sai Maris, ana cikin azumi, zafi ya sauko gadan-gadan. Cikin kwana 4 ruwan gaba ɗaya ya rikiɗe ya zama kore shar, ba a jikin gilashi ba, ruwan kansa. Miyar kuka sak. Kifi sai ya zo dab da gilashi kake ganinsa, ya juya ya ɓace. Famfo ya daɗe da ɗaukewa, don haka da ruwan rijiyar gidanmu nake aiki. Kullum bayan an sha ruwa in kwashe rabi in zuba sabo, ya ɗan washe, kafin jibi ya koma yadda yake. Wani dare aka ɗauke wuta tun ƙarfe 10 ba a dawo da ita ba. Da muka tashi sahur na haska tocilan waya, sai na ga duk kifin sun taru a saman ruwa sun hangame baki suna haki, golfish ɗaya da moli ɗaya kuwa sun riga sun tafi. Na ɗauki kofi na yi ta ɗibar ruwan ina kwararo shi daga sama don iska ta shiga, har aka kira salla ban kai loma uku ba. A wannan asubar na yanke shawarar in kyautar da akwatin kowa ya huta.

Wanda na yi niyyar kai wa shi ne wani abokina da ke kiwon tarwaɗa da karfasa a bayan gari. Na je ran Asabar na nuna masa hoton a waya, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ja ni bakin wani kududdufinsa na karfasa, ruwan kore kamar nawa. Ya ce, "Mu nan buhun kashin kaji muke jefawa a ruwa don mu samu wannan koren, karfasa na cinsa. Kai ka samu a banza kana kuka." Amma ya ce kada in yi saurin kyautarwa, akwai wani surukinsa dattijo da ya daɗe yana koyar da kiwon kifi kafin ya yi ritaya, in je in same shi. Ya ce in tafi da ruwa kala uku a gorar roba mai tsabta, na akwatin, na rijiya, da na 'yan ga-ruwa da ke ɗebowa daga burtsatse, kuma in sayi takardar gwajin ruwa. Takardar nan ta ba ni wuya, shago uku na shiga kafin in samu, naira 7,000 gwangwani. 'Yan siraran tsinkaye ne masu ɗigon launi, ka tsoma a ruwa ka jira kamar minti 1 ka gwada da jadawalin da ke jikin gwangwanin.

Na isa gidan dattijon bayan la'asar aka ce yana wajen tafsiri. Na zauna a dakali da gorunana uku a leda, yaran unguwa na wucewa suna kallon mai azumi da ruwa a gaba. Kusan awa 2 na yi kafin ya dawo. Muka gaisa, na ce, "Baba, wajenka aka turo ni," na fara ba shi labarin magani da kilina, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Tambayoyi ya jero. Ina akwatin yake? Rana na taɓa shi? Fitila awa nawa? Kifi nawa? Wa ke ba su abinci? Da na ce kowa, sai ya yi murmushi. Ya tsoma tsinkayen da kansa. Ɗigon da ke nuna naitiret, wato sinadarin taki da ke cikin ruwa, ya yi ja sosai a ruwan akwatin, tsakanin miligiram 40 da 80 cikin lita a jadawalin, ya ce wannan ma bayan gansakukar ta ci rabonta ke nan. Na rijiya ya tsaya wajen 40. Na burtsatse da ƙyar ya canza launi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ba kifi kake kiwo ba, gonar gansakuka ka yi. Ga taki, ga rana, ga ruwa. Me ya rage? Ruwa ba ya tsami banza."

Abin da ya bayyana mini a kan tabarmar nan kafin a kira magariba shi ne duk abin da nake buƙata tun Nuwamba. Gansakuka tsiro ce, haske take so da taki. Takin kuwa shi ne dai wanda manomi ke saya a buhun NPK, naitirojin da fosfaras, sai dai a akwati daga kashin kifi da ragowar abinci yake fitowa. Kifi na fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a soson filta da jikin tsakuwa, su ke juya amoniya ta koma naitirayit, shi ma guba, sannan ya koma naitiret, wanda kifi ke iya jurewa in bai yi yawa ba. Kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu a sabon akwati ana ɗaukar sati 4 zuwa 6. Wato a daidai lokacin da nawa suka gama kafuwa na bi su da sabulu da ruwan famfo mai kulorin na hallaka su, na bar kifi 10 cikin gubar jikinsu, ga ragowar sabulu a tsakuwa. Gansakuka ba ta kashe mini kifi ko ɗaya a Disamba ba, ni na kashe su da tsabta. Koren ruwa kuma, ya ce, ƙwayoyi ne ɗai-ɗai masu yawo a ruwa, masu saurin rabuwa biyu, in ka kwashe rabi ka cika da ruwan rijiya mai taki, iri ka bari ka kuma yi masa ban-ruwa. Na daren sahur ma ya warware mini. Da rana gansakuka na sakin iskar da kifi ke shaƙa, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi, ruwan zafi kuma bai riƙe iska kamar na sanyi, ga inji a tsaye. Sai ya ƙara da abin da ya fi tayar mini da hankali: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha a miligiram 50 cikin lita, kuma rijiyar da ke kusa da ramin masai ita ta fi yin haka, don haka in duba tazarar tawa. Tun daga ranar rijiyar ta koma ta wanki kawai.

Ya ce in fara da duhu. Washegari na sayi ɗan injin iska mai aiki da pawa banki, naira 6,000, saboda ɗauke wuta. Na canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan da na burtsatse, na zuƙe dattin tsakuwa da tiyo, na kashe fitila, na kewaye akwatin da kwalaye ta kowane gefe har sama, na manne da salatif. Wasu bargo suke rufawa, amma a zafin Maris na Kano bargo dafa kifi zai yi, don haka kwali na sa, na bar 'yar kafa ta baya wajen bango don iska. Kwana 4 ba haske ba abinci. Ba kifin ne suka sha wuya ba, lafiyayyen kifi na yin kwana 4 bai ci ba lafiya lau, mu ne muka sha. Auta ta riƙa zagaya kwalin tana kasa kunne, tana tambaya ko su ma azumi suke yi. Ni kaina dare na biyu sai da na kai hannu zan ɗaga, na tuna Baba ya ce leƙe ɗaya na rana na iya mayar da aiki baya, sai na tsaya ga jin ƙarar kumfa kawai, da sansana kafar baya ko zan ji wari. Ran na biyar bayan sallar asuba muka taru muka cire kwalin. Ruwan ya washe, ba tas ba, da ɗan hazo-hazo, amma ana ganin bangon baya. Kifin duk suna nan, sun ɗan koɗe, suna ta zarya. Soson filta ya cika da koren laka. Wannan karon a cikin ruwan da na zuƙo daga akwatin na matse shi, sau uku kawai, na mayar da shi da sauran dauɗarsa. Na sake canza kashi ɗaya cikin uku, domin matacciyar gansakuka in ta ruɓe ita ma taki ce.

Duhu share fage ne kawai, in ba a gyara sauran ba cikin sati biyu za ta dawo. A ranar muka rage ruwan ya saura kaɗan, muka kwashe kifi a baho, ni da babban ɗana muka ɗauke akwatin zuwa bangon da ke nesa da taga. Kada wanda ya yi gangancin ɗaga akwatin gilashi da ruwa a ciki, lita 72 kilo 72 ce ban da tsakuwa, kuma gam ɗin kusurwa ke fara saki. Sai maganar yawan kifi, wadda ta fi kowacce zafi a gidan. Golfish kifi ne mai girma da yawan kashi, kuma ruwa mai sanyi-sanyi ya fi so, 5 a wannan ɗan akwati zalunci ne. Kilina kuwa irinsa na wuce santimita 30 in ya girma, rabin tsawon akwatin ke nan. Abokina ya karɓe su duka ya sa a wani tankin siminti da ba tarwaɗa a ciki, da alkawarin Auta za ta riƙa zuwa gaishe su. Aka bar mana moli 3, waɗanda ke jure zafi kuma da kansu suke tsattsagar gansakuka mai laushi. Gwangwanin abinci ya koma saman firji. Mutum ɗaya ke bayarwa, sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti 2. Fitila awa 6, daga la'asar zuwa ƙarfe 10. Na sayi taima mai juyawa don ta riƙa kunnawa da kashewa, ashe ita ma in an ɗauke wuta tsayawa take, sai ka tarar ta kunna fitila ƙarfe 3 na dare. Naira 5,000 ta tafi a banza, na koma ga ƙararrawar waya.

Abin da ya ƙarasa aikin ban saye shi da ko sisi ba. Baba ya ce in nemo kainuwa. Tana shawagi a sama ta tare haske, saiwoyinta kuma na zuƙe takin da gansakuka ke rayuwa a kai, ta fi ta saurin ci. Amma ya ja mini kunne sosai: kainuwar kududdufi na zuwa da ƙananan dodon koɗi da ƙwansu, kuma wasu irinsu ne ke ɗauke da cutar tsargiya mai sa fitsarin jini. Don haka da safar hannu ta roba da sanda na ɗebo guda 6, na wanke su, na tsince duk abin da ke manne da saiwa, na ajiye su a baho a inuwa sati 2 ina canza ruwa ina dubawa, kafin in sa 3 mafi ƙanƙanta a akwatin. Na cire murfin nan na hunturu don ganyen ba ya son tururi na ɗiga masa. Da golfish na nan da sun cinye saiwoyin, moli kuwa wasa suke a ciki. Cikin wata ɗaya ta rufe saman ruwan, yanzu duk sati sai na kwashe rabi, in shanya ta a rana ta bushe in zuba a gindin bishiya. Kada a jefa ta a magudanar ruwa, toshewa take yi.

Da damina ta kankama wata sabuwa ta ɓullo, baƙa, tsubbu-tsubbu kamar gemun bunsuru, a bakin filta da kan hasumiyar roba. Wannan ba ta gogewa, moli ma ba sa kula ta. Na kira Baba a waya ya ce in sayi haidurojin na wanke ciwo a kemis, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. Naira 800. Na ciro hasumiyar da bakin filtar waje, na ɗiga musu da sirinji har suka yi kumfa, na jira minti 5, na ɗauraye sosai na mayar. Kwana biyu gemun ya koma ja-ja, a sati ya zube. A waje na yi, ban zuba a ruwan da kifi ke ciki ba, kuma ban kai shi kusa da soson filta ba, don zai kashe ƙwayoyin da na sha wuya kafin su dawo.

Yanzu aikina na Juma'a da yamma bai wuce minti 20 ba. In kankare ɗigon kore na gilashin gaba da sabuwar reza, a kwance, ina kauce wa gam ɗin kusurwa. In akwai zare in naɗe shi da tsohon buroshin haƙori kamar mai naɗe taliya. In zuƙe kusan lita 18 da tiyo ina caccakar tsakuwa, ruwan ya tafi gindin lemun tsami. In cika da na burtsatse da ya kwana a falo don zafinsu ya zo ɗaya. In na famfo ne, sai ya kwana a buɗaɗɗen bokiti ko a ɗiga masa maganin kashe kulorin. Soson filta sau ɗaya a wata, a tsohon ruwa. Bokitin kifi da sosonsa daban suke, na rubuta musu suna da fenti, sabulu bai taɓa su. Takardar gwaji na nuna naitiret ƙasa da 20 tun watan Mayu.

In na waiwaya, kuɗin da ya yi mini amfani shi ne na takardar gwaji da injin iska da haidurojin, ba su kai 14,000 ba. Na magani da kilina da taima da kifin cike gurbi asara ce. Wanda zai fara, ya zaɓi wurin ajiyewa kafin ya zaɓi kifi, ya gwada ruwan da zai riƙa zubawa tun kafin ya zuba, ya fara da kifi 3 ko 4 ƙanana ya ba akwatin sati 6 kafin ya ƙara. In ya ga gansakuka ya duba kalarta tukuna, don ta ruwan ƙasa haƙuri take so, ta ɗigo reza, koren ruwa duhu, baƙa haidurojin, kuma duk cikinsu ba wadda ke son a zubar da ruwa kakaf. Maganin kwalba ma a karanta jikinsa, masu sinadarin tagulla na kashe dodon koɗin ado da jatan lande in akwai su a akwatin. Kwalbata tana nan rabi a saman firji kusa da abincin.

Gilashin baya kuwa da gangan na daina goge shi, ya yi kore lumui, moli na kiwo a kai duk yini. Da Inna ta zo da babbar salla ta ga an matsar da akwatin, ta dubi tagar ta dube ni, ba ta ce komai ba, ta dai gyara mayafi ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa. Damuwata yanzu daban ce. Moli ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke, kuma saiwar kainuwa ta zama maɓoyar 'ya'yan. Jiya na ƙirga 23, ban da waɗanda suka shige hasumiya. Abokina ya ce tankinsa ya cika, don haka ran Asabar zan zuba 15 a leda in kai wa mai shago, in ji ko zai karɓa ya ba ni abinci.